Wai me BUK ta taɓuka ne banda raba digiri?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar jami'a, ni ɗan kasuwa ne karatuna bai wuce sakandare ba don haka a yi min uzuri in tambayar ta zo a karkace. Yarinyata ce za ta cike JAMB bana, ita ta kafe BUK take so, wato Jami'ar Bayero ta Kano, kawunta kuma da yake ya ɗan zaga duniya sai cewa yake wai jami'o'in gwamnati duk sun mutu saura suna, gara in lallaɓa in kai ta ta kuɗi ko in fitar da ita waje, ni kuma ga yadda kasuwa take ba sai na yi muku bayani ba. To abin da nake so in sani shi ne, kullum a rediyo sai ka ji ana cewa cibiyar bincike kaza ta Jami'ar Bayero ta yi taro, farfesa wane ya gabatar da maƙala, an zo na kaza a Najeriya, amma ni har ga Allah ban san me aka bincika ba kuma ban san wa ya amfana ba. Mu dai abin da muke gani shi ne yara su shiga su fito da kwali su zo su tsaya mana a shago. Akwai wani abu takamaimai da mutum zai nuna da yatsa ya ce wannan aikin BUK ne? Ba zagi nake ba wallahi, sani nake so in yi, don in na zauna da kawun nata ni ma in samu abin faɗa.

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba yarinya sa'a. Tambayarka ba ta karkace ba ko kaɗan, da yawa cikin waɗanda suka yi shekara huɗu a ciki ma in ka tare su da ita sai sun yi ta sosa ƙeya.

Bari in fara ta baya kaɗan don sai ka san inda aka faro za ka gane girman abin. A 1960 aka fara ta a matsayin ƙaramar kwaleji a cikin SAS, makarantar nan ta koyon Larabci da ke cikin gari, lokacin sunanta Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka buɗe jami'ar Zariya a 1962 aka sa mata sunan Sardauna sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, kuma a ƙarƙashin ABU take, wanda ya gama a nan digirin ABU ake ba shi. Af, mutane da yawa sun ɗauka sunan marigayi Ado Bayero ne, a'a mahaifinsa ne, Sarki Abdullahi Bayero wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A 1975 gwamnatin tarayya ta ɗaga darajarta a rukuni ɗaya da su Jos, Ilorin, Maiduguri, Sakkwato, Kalaba da Fatakwal, sannan a 1977 ta tsaya da ƙafarta da sunan Jami'ar Bayero, Dokta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Abin da aka faro da Larabci da addini da harsuna da tarihi, yau ga likitanci ga injiniya ga lauya ga noma ga harhaɗa magani, tsohuwar jami'a ta wajen Kabuga ta yi kaɗan aka tafi hanyar Gwarzo aka kafa sabuwa.

Maganar abin nunawa da yatsa kuwa, ka fara da asibitin Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya. An kafa shi a 1988 kuma shi ne asibitin koyarwar BUK, manyan likitocin da kake bin layi ka gani a can yawancinsu malaman jami'ar ne, da safe suna ɗakin tiyata an jima suna aji. Tun 2002 suka fara dashen ƙoda a nan Kano, lokacin da in aka ce mutum na buƙatar dashe to sai dai a fara lissafin kuɗin jirgin Indiya ko Masar ko kuma a zauna a jira ikon Allah. Ka duba likitocin da ke asibitin Murtala da na Nassarawa da asibitocin Jigawa da Katsina ka tambayi inda suka yi karatu, za ka sha mamaki.

Sannan akwai Mambayya, gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja, jami'ar ce ke riƙe da shi ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, kayan Malam na nan a adane kuma nan ake yawan yin tarukan siyasa da na ƙungiyoyi masu ma'ana a garin nan. Ta ɓangaren mutane kuma, Farfesa Attahiru Jega daga kujerar shugabancin BUK aka ɗauke shi a 2010 aka ba shi INEC, shi ya gudanar da zaɓen 2015 da kowa ya san yadda ya kaya. Wanda ya gaje shi, Farfesa Abubakar Rasheed, shi kuma a 2016 aka ba shi NUC, hukumar da ke kula da duk jami'o'in ƙasar nan har da masu kuɗin da kawu yake yabo. Su ma sai an je an duba su an sa hannu kafin kwalinsu ya zama kwali.

Anti Nas:

Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Ni ba a BUK nai karatu ba, makarantar unguwarzoma na yi, to ka ga ba son kai zan yi ba, amma tunda ka ce abin nunawa da yatsa kake so to ni ina da shi don a ɗakin haihuwa nake wuni.

Babban abin da ke kashe mata wajen haihuwa shi ne zubar jini bayan an haihu, duk wanda ke garin nan ya san gidan da akai wannan rashin, a ce ai ta haihu lafiya har an yi wa dangi waya an fara barka sai kuma labari ya juye. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba wai maganin ne babu ba, maganin an daɗe da shi, matsalar ita ce gane cewa jinin ya yi yawa da wuri. Da ido ake kimantawa, ki dubi zani ki dubi gado ki dubi ƙasa ki ce ai bai kai ba, ido kuma ƙarya yake miki, kusan kullum abin da ya zuba ya fi abin da kike zato, kafin a farga mace ta fara sanyi tana cewa tana ganin duhu. Sannan in an gane ɗin ma sai a bi magani ɗaya bayan ɗaya, a gwada wannan a jira a gani, in bai yi ba a gwada wancan, ita kuwa jini ba ya jiran kowa.

To akwai wani babban bincike da aka yi ana ce masa E-MOTIVE, a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu, Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000 aka bi. Wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta BUK, likitar mata ce a asibitin Malam kuma ita ta ja ragamar cibiyar nan ACEPHAP ta lafiyar al'umma da Bankin Duniya ya tallafa wa. Abin da suka gwada in kin ji sai ki ce ai wannan ba wani abu ba ne. Wata leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, tana da aljihu a ƙasa da layukan awo a jiki, jinin ya taru a ciki kina gani da lamba ba da zato ba. Da ya kai rabin lita, ko ma bai kai ba in jikinta ya fara nuna alama, babu jira, a take za a haɗa mata komai lokaci guda, a murza mahaifa ta tsuke, a yi allurar oksitosin, a yi ɗayar allurar mai tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko ta ƙaru ko wani abu na mabiyiya ya maƙale, in abin ya fi ƙarfinki ki kira na gaba da ke ba tare da ɓata lokaci ba. Da sakamakon ya fito a 2023 sai aka ga mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari a asibitocin da suka bi wannan tsarin. Hukumar lafiya ta duniya ta karɓe shi ta sa a cikin shawarwarinta, ita kuma Farfesa mujallar TIME ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024.

Ni abin da ya fi burge ni ba lambar yabon ba ce, a'a, abin an gwada shi ne a irin asibitocinmu, masu cunkoso, nas ɗaya mata biyar suna naƙuda, ba wani asibitin Turai da komai ke aiki ba. Shi ya sa in aka ce yana aiki sai in yarda. Ka gaya wa kawu wannan, in yana da 'ya mace ko mata zai gane.

Mai Gardama:

Anti Allah ya saka da alheri, wannan bayanin ba wanda zai ja da shi kuma Farfesa ta cancanci duk yabon da akai mata. Amma dan Allah mu faɗi gaskiya gaba ɗayanta kar mu sa Alhaji ya tafi da rabi. Wa ya biya kuɗin wancan binciken? Gidauniyar Gates. Wa ya jagorance shi gaba ɗaya? Jami'ar Birmingham ta Ingila da hukumar lafiya ta duniya, mu abokan aiki ne. Cibiyoyin da ake ta alfahari da su ɗin nan in ka bi salsala za ka tarar kuɗin Bankin Duniya ne ko na gidauniyar MacArthur, na Bankin Duniyar ma bashi ne gwamnatin tarayya ta karɓo. Ina attajiran Kano? Banda Ɗangote da ya gina makarantar kasuwanci da wasu 'yan tsiraru, wa ya taɓa ɗaukar kuɗi ya ce ga shi a bincika min abu kaza? Gine-gine kuwa ko'ina ka waiga rubutun TETFund ne a jikin bango, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba BUK kaɗai ba duk jami'o'in gwamnati haka suke, in ka cire TETFund saura me?

Kuma ni matsalata da duk jami'o'in ƙasar nan ita ce, duk shekara ɗalibai dubbai su rubuta furojet a ɗaure shi da baƙin bango a jera a kanta ƙura ta cinye, ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa rabinsu a rufe, ga ruwan majemu na malala cikin kogi, ga tumatirin Kadawa na ruɓewa a bakin titi duk kaka, shekara nawa ana rubutu a kan waɗannan abubuwan kuma me ya canza. Sai yajin aiki, a 2020 wata tara aka yi a gida, a 2022 wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, yaron da ya shiga karatun shekara huɗu sai da ya yi kusan shida, wannan fa shi ne abin da kawun yarinyar yake gudu kuma ba za ka ce bai da hujja ba. Ga malamai na ta ficewa Saudiyya da Ingila da Malesiya saboda albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Maganar an zo na kaza a jerin jami'o'in duniya na Times Higher Education kuwa ni ba ta dame ni ba, e BUK na fitowa cikin na gaba-gaba a Najeriya, to amma a duniya fa?

Ɗan Kwari:

Kai jama'a na gode ƙwarai. Anti wallahi jikina ya yi sanyi da bayaninki, akwai wadda muka rasa ta wannan hanyar a danginmu, Allah ya ji ƙanta. Mai Gardama kai ma ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, maganar attajirai kuma na ji ta, mu 'yan Kwari har da mu a ciki ba sai ka kama suna ba. A ci gaba ina karantawa.

'Yar Janbulo:

Baba barka da yamma. Ni ɗaliba ce yanzu haka don haka bari in sa baki duk da ga manya a wajen.

Yaya Mai Gardama ni ban ga abin kunya ba don kuɗin bincike ya zo daga waje, ai ba sadaka ake rabawa ba, gasa ake yi. Lokacin da Bankin Duniya ya ce zai tallafa wa cibiyoyi, jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne suka rubuta suka nema, aka tantace aka zubar da mafi yawa, BUK ta samu har biyu, ta noman yankuna masu ƙarancin ruwa da ake ce wa CDA da kuma wadda Anti ta ambata. Kuma ba a ba ka kuɗin a dunƙule ka tafi, sai ka nuna ɗalibai nawa ka yaye, 'yan wasu ƙasashe nawa ne a ciki, mata nawa, bincike nawa ka wallafa, sannan a sake maka wani kason. Mutanen Birmingham ɗin ma da ba su ga wanda zai iya riƙe musu aikin a Kano ba ai da wani wajen za su tafi. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne na masu kuɗinmu, da kuma cewa rubutu da yawa a kanta yake ƙarewa, amma wannan laifin na wanda ya kamata ya ɗauki sakamakon ya yi aiki da shi ne ma, malami ba shi ke da ma'aikatar muhalli ba kuma ba shi zai kafa kamfanin tumatirin gwangwani ba.

CDA ɗin a 2012 aka kafa ta, aikinta a kan irin nomanmu ne, gero dawa wake gyaɗa da kiwo a ƙasar da damina ke zuwa a makare ta ɗauke da wuri, ga ƙasa ta gaji ga wuta-wuta na cin dawa. Suna da gonar gwaji da ɗakunan bincike a sabuwar jami'a, suna aiki da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa irin su IITA da ICRISAT da ke da ofis a nan Kano, kuma in ka shiga za ka ji ana Faransanci don akwai masu digiri na biyu da na uku daga ƙasashen maƙwabta. Amma don kar a ce na yi ƙari, irin shukan nan da manoma suka sani masu suna SAMPEA da SAMNUT da SAMSORG na Samaru ne, wato ABU, a harkar fitar da iri Zariya ta riga mu nesa ba kusa ba, gaskiya ɗaya ce.

Abin da ba wanda ya ambata kuma ni shi ya fi min, Hausar da muke rubutu da ita ɗin nan. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta BUK ita ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda yake bayanin kalmar Hausa da Hausa, kafin nan manyan ƙamusoshin da ake ji da su Turawa ne suka rubuta don Bature ya gane mu. Shekaru aka kwashe ana tattara kalmomi ana zama a kansu. Su marigayi Farfesa M.K.M. Galadanci suka kafa harsashin nahawun da ake koyarwa har a sakandare, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da rayuwarsa yana bin makaɗa da mawaƙan baka yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu kafin su ɓace, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma shi ya sa duniyar ilimi ta ɗauki littattafan Hausa na zamani da finafinan Kano da muhimmanci lokacin da kowa ke musu kallon shirme. Wannan aikin babu Bankin Duniyar da zai zo ya yi mana shi.

Tsohon Ɗalibi:

Ƙanwata kin biya ni, na manta da ƙamus ɗin gaba ɗaya. Akwai ma tashar sola mai megawat 7.1 da Osinbajo ya zo ya buɗe a sabuwar jami'a a 2019, ko da yake wannan aikin gwamnatin tarayya ne aka kawo aka ajiye ba binciken jami'ar ba, don haka ban sa shi a lissafi ba.

Alhaji ga abin da zai amfane ka kafin a cike fom. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi uku ne, 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, to 'yar Kano tana da dama mai kyau a BUK amma kar wannan ya ruɗe ku, kwas irin likitanci da lauya da harhaɗa magani da nas masu nema sun ninka gurbin sau da yawa, maki mai kyau ma sai ya zo ya zauna. Ta zaɓi BUK a farko in ita take so da gaske, kuma ku zauna da wani malaminta a duba darussan da ta haɗa a JAMB sun dace da kwas ɗin, yara da yawa a nan suke faɗuwa ba a maki ba. Jami'o'in jiha na Wudil da Northwest ma suna nan in ba a dace ba.

Kuɗin rajista an ƙara shi sosai a 2023 kamar sauran jami'o'in tarayya, har sai da gwamnatin Kano ta biya wa dubban ɗalibai 'yan jiha a shekarar, daga 2024 kuma akwai bashin karatu na NELFUND ga wanda ya ga zai iya ɗauka, amma duk da ƙarin bai kama ƙafar abin da za ka biya a ta kuɗi ba. Abin da za ka fi ji a aljihunka kullum shi ne kuɗin mota, in kwas ɗinta a sabuwar jami'a yake kuma kuna can wajen Hotoro ko Na'ibawa ko Kurna to ka fara lissafin adaidaita tun yanzu, ko ku nemi ɗakin kwanan ɗalibai da wuri da zarar an buɗe don ba ya jimawa yake cika. Wane kwas take so ne ma, kuma a wace unguwa kuke? In ka faɗa sai mu san ko tsohuwa za ta dinga zuwa ko sabuwa.